Kular Tafiya Aiki: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Kafin a Saya

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuɗin mota da kuɗin abinci suka yi sama tare, mutane da yawa da ke ganin riƙo kula sai 'yan makaranta sun dawo suna riƙowa. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, mai shago a Sabon Gari, direban babbar mota, kowa ya buga lissafi ya ga farantin abincin waje kullum ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu shirin saye.

Wane irin mazubi ya fi dacewa da mai zuwa aiki?

Kafin ka je kasuwa, zauna ka amsa wa kanka abu uku. Awa nawa ne tsakanin sauke tukunya da lokacin da za ka sa loma a baki? Akwai firiji da abin ɗumama abinci a wurin aikinka, kuma wutar tana tsayawa? Sannan da me kake tafiya, motarka, adaidaita sahu ko acaɓa? Amsar waɗannan ita za ta zaɓa maka mazubi, ba launinsa ko kyan fulawar da aka zana a jikinsa ba.

Hanya biyu ce kawai mai aminci. Ko dai abincin ya fita daga gida da zafinsa ya zauna da zafi har a ci, ko kuma ya fita da sanyi ya zauna da sanyi har a ɗumama shi. Ta farko tana buƙatar kular abinci mai riƙe zafi ta gaske. Ta biyu tana buƙatar mazubi mai rufuwa ruf, da firiji ko ƙanƙara. Abin da ke tsakani, wato abincin da ya wuni da ɗumi-ɗumi a ƙarƙashin tebur, shi ne tushen yawancin ɓacin cikin da ake ɗora wa mai girki laifinsa. An yi bayanin dalili a amsar da ta shafi yawan awanni.

Roba, silba, gilashi: mene ne bambancinsu a aikace?

Roba ba ta da nauyi, ba ta da tsada, kuma mai kyau tana shiga na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Aibinta shi ne tana shan manja da ƙarnin kifi, tana karcewa, kuma ba ta riƙe zafi ko kaɗan. Silba ba ta fashewa, ba ta ɗaukar wari, tana shekaru, sai dai ba a sa ta a maikurowef. Gilashi ya fi kowa tsafta, wankewa ɗaya ya koma sabo, amma yana da nauyi, kuma wanda ke kokawar shiga bas da safe ya san ba zai daɗe ba.

Akwai kuma kwano mai hawa-hawa, uku ko huɗu a jere da ƙarfen da ke ɗaure su. Asalin shahararsa Indiya ce, inda a birnin Mumbai ake da masu kai wa ma'aikata abincin gida a irin wannan kwano tun wajen 1890. Yana raba shinkafa da miya da ganye tsaf. Amma a lura, can ana dafawa da hantsi a kai kafin azahar. Shi kansa kwanon falle ɗaya ne, ba ya riƙe zafi, sai in an saka shi cikin jaka mai rufin soso ko an sayi irin mai bango biyu.

Kwanon alminiyom da tsohuwar langa da fentinta ya fara ɓarewa, a bar su a gida. Miyar tumatir ko mai tsamiya tana cin alminiyom idan ta daɗe a ciki, har ɗanɗanon ya canza.

Me ya sa wata kular ke kai abinci la'asar da zafinsa, wata kuwa kafin azahar ta huce?

Domin abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Kular da muka saba gani a biki da suna roba ce a waje, silba ko roba a ciki, an cusa soso a tsakani. Babbar tana riƙe zafi sosai saboda abincin da ke ciki yana da yawa, yana ɗumama kansa. Idan aka ƙanƙanta ta zuwa ta cin mutum ɗaya, wannan amfanin ya ragu, kuma zafin yana sulalewa ta murfi, wanda sau da yawa fanko ne ba soso a cikinsa.

Ɗaya nau'in ƙirar filas ɗin shayi ce: bango biyu na silba, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Da yake babu iskar da za ta ɗauki zafi ta kai waje, abincin yana daɗewa bai huce ba. Dabarar tsohuwa ce, wani masanin kimiyya ɗan Sukotland mai suna James Dewar ne ya ƙirƙiro ta a 1892, kamfanin Thermos kuma ya fara sayar da ita a 1904. Ga mai fita ƙarfe bakwai ya ci ƙarfe ɗaya ko biyu, irin wannan ce ta dace, ko da ta fi tsada. Ana gane ta da cewa bangon siriri ne, ciki da waje duk ƙarfe ne, bakinta ya fi cikinta ƙanƙanta, kuma murfin murɗawa ake yi.

Yaya zan gane kula mai kyau tun kafin in biya kuɗi?

A shago ba za a ba ka tafasasshen ruwa ba, don haka yi abin da zai yiwu. Buɗe murfin ka duba zoben robar da ke cikinsa: ya zauna daram, kuma ana iya cire shi a wanke? Murɗa murfin sau biyu ko uku ka ji ko yana kamawa sumul ko yana tsallake. Shafa yatsa a ciki, kada ka ji kaifin walda. Sansana, idan warin roba ko na fenti ya bugi hancinka, ajiye. Sannan ka nemi alkawarin canji daga mai shago, ka ce masa, "Alhaji, zan gwada yau, in ba ta riƙe ba gobe zan dawo da ita." Wanda ya yarda da kayansa ba ya jin tsoron wannan maganar.

A gida ka cika ta da tafasasshen ruwa, ka rufe, ka bar ta minti goma, sannan ka dafa jikinta. Idan mai bango biyu ce ta gaske, jikin zai kasance kamar ba a zuba komai ba, sai ɗan ɗumi a wajen wuya. Idan ta yi zafi har tana cizon hannu, iska ta shiga tsakanin bangon, ta tashi aiki. Bar ruwan awa shida ka buɗe: ya kamata ka ga tururi, kuma ruwan ya fi ƙarfin ka tsoma yatsa. Daga nan sai ka kifa ta a kan takarda ka jijjiga, ka ga ko tana yoyo.

Awa nawa abinci zai iya zama a mazubi ba tare da ya zama matsala ba?

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai, mai zafi a riƙe shi sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32, awa biyun nan ta koma awa ɗaya. To a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu zafi yana wuce 40. Robar da aka zuba wa dafa-duka ƙarfe shida na safe aka bar ta a cikin mota a rana, zuwa ƙarfe biyu ta daɗe da fita daga ƙa'ida.

Wani zai ce, "Ai shekara da shekaru muna ci ba abin da ya same mu." Gaskiya ne ba kullum ake kamuwa ba, kuma wasu abincin sun fi wasu juriya. Soyayyen abu mai bushewa, burodi, gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli ba su da saurin lalacewa. Masu ruwa-ruwa da masu wake, ƙwai, kifi, madara su ne abin tsoro. Alala da faten wake a bazara kafin la'asar sun fara yami. Kuma hanci ba alƙali ba ne a nan, abinci na iya ɗauke da abin da zai kwantar da mutum alhali ƙamshinsa lafiya lau.

Me ya sa ake yawan ja kunne a kan shinkafa?

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, kuma irinta ba ya mutuwa da dahuwa. Idan shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi na awanni, sai ya farfaɗo ya saki guba. Ita wannan gubar ɗumame ba ya kashe ta, ko an sake turarawa tana nan. Alamarta tashin zuciya da amai cikin awa ɗaya zuwa shida bayan ci. Taliya ma haka take.

Saboda haka idan shinkafar dare za a tafi da ita aiki, kada a bar ta a tukunya ta kwana. A baza ta a faranti ta sha iska da wuri, a sa a firiji cikin awa guda, da safe a turara ta har tururi ya ratsa ko'ina, sannan a juye a kula. Idan an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu ne kawai. Gidan da wuta ke kwana ba ta dawo ba, gara a dafa sabuwa da asuba.

Maigidana yana fita tun bayan sallar asuba, ba ya ci sai bayan azahar. Yaya zan yi abincin ya kai da zafi?

Hajiya, rabin aikin yana hannunki, rabi yana ga kular. Ki fara zuba tafasasshen ruwa a ciki ki rufe na minti biyar zuwa goma, ki zubar, ki goge. Kular da ba a ɗumama ba, ƙarfenta ne zai fara shanye zafin abincin. Sannan ki zuba abincin kai tsaye daga kan wuta yana tururi, ba bayan kin gama sallamar yara ba. Ki cika ta har kusa da wuya, domin rabin kula ya fi cikakkiya saurin hucewa. Ki rufe nan take, shi kuma ki roƙe shi kada ya riƙa buɗewa yana leƙawa.

Abinci mai romo ya fi busasshe riƙe zafi. Fate, farfesu, wake da miya suna kaiwa da kyau. Soyayyar doya ko dankali kuwa gumin kula yana sa su yin laushi, don haka su a mazubi dabam. Haka latas, kabeji da kokwamba, kada su shiga cikin zafi, a ƙaramar roba za a sa su.

Tuwo fa? Ana iya tafiya da shi?

Sosai ma, tuwo yana daga cikin abin da ya fi riƙe zafi saboda nauyinsa. Matsalarsa gumi ne: tururi ya taru a murfi ya ɗigo, saman malmalar ya yi ruwa. Wannan ya sa ake naɗe shi a farar leda. Leda da zafi ba abokan juna ba ne, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke biye, don haka in da hali a shafa ɗan mai a ƙaramin kwanon silba mai murfi a kwashe a ciki. Miya a nata mazubin mai murɗawa. Kuka da kuɓewa idan suka huce suna kauri ko su tsinke, su ma suna son kula tasu, ko irin kular nan mai ƙananan kwanuka biyu ko uku a cikinta.

Da gaske ne zuba abinci mai zafi a roba yana da illa?

Ya danganta da robar. Juya gindinta za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 5, wadda wani lokaci ake rubuta PP a ƙasanta, ita ce mai jure zafi, kuma ita ake nema a mazubin abinci. Lamba 1 ta gorar ruwa da lemo ce, ba a yi ta don zafi ba. Lamba 6 ita ce farin kwanon soso na abincin saye, wanda zafi da mai ke narkar da shi. Gwamnatin Legas ta hana amfani da shi a watan Janairun 2024, musamman saboda yadda yake toshe magudanan ruwa. Lamba 3 a guje ta. Lamba 7 tarkace ce, a cikinta akwai robar da ke ɗauke da sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta haramta a kayan da ke taɓa abinci a ƙarshen 2024.

Alamar kofi da cokali mai yatsu tana nufin an yi robar don abinci, layuka masu lanƙwasa kuma suna nufin tana shiga maikurowef. Robar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, komai kyanta, ba a san me aka narka aka yi ta ba. Zafi da maiƙo su ne ke jawo sinadari daga roba zuwa abinci, shi ya sa miyar manja mai tafasa ta fi shinkafa mai sanyi zama abin damuwa. Robar man shafawa ko bokitin fenti da aka wanke ba mazubin abinci ba ne. Kwanukan melamin masu kama da tangaran ma ba a ɗumama abinci a cikinsu.

Na ga an rubuta 304 a gindin wata kula. Me yake nufi?

Nau'in ƙarfen ne. Ana rubuta 304, SUS304 ko 18/8, ma'ana kashi 18 cikin ɗari kuromiyom ne, kashi 8 nikel, haɗin da ke hana tsatsa. Akwai mai araha, 201, wanda aka rage masa nikel. A ido ba ka bambanta su, amma bayan watanni na gishiri da tumatir sai ka ga ɗige-ɗigen tsatsa a gindin mai arahar. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya raba gardama, domin duka biyun ba su cika kama shi ba. Tambarin ma ana iya buga shi a kan ƙarya, don haka a haɗa da duba nauyi da kyan walda da gwajin ruwan zafi da aka ambata a sama.

Wane girma zan saya?

Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyar shinkafa idan ya dahu yana kusan rabin lita. Mai matsakaicin ci, mazubi mai mililita 700 zuwa lita ɗaya ya ishe shi har da miya da nama. Mai aikin ƙarfi, birkila ko makaniki, ya nemi lita ɗaya da rabi. Kada a sayi ƙatuwa don "ko da wata rana", tunda an riga an faɗa cewa kular da ba ta cika ba saurin hucewa take yi.

Sai dai akwai lissafin da ba ya cikin littafin kamfani. A wurarenmu ba ka buɗe kula kai kaɗai abokin aiki na gefe ba ka ce masa bismillah ba, kuma wata rana zai amsa. Wanda ya san ofishinsu ana cin abinci a taru, ya ƙara rabin lita da cokali na biyu. Kafin saye kuma a auna jakar da za a riƙa sakawa, musamman kula mai tsayi da dole sai a tsaye take tafiya.

A kan acaɓa nake zuwa aiki, kullum miya sai ta ɓata mini jaka. Mene ne mafita?

Murfin da ake dannawa kawai ba ya tare miya, balle manja da ke bin duk wata 'yar kafa. Nemi mai murɗawa, ko mai kunnuwa huɗu da ake ɗanawa, kuma dole da zoben roba a ciki. Mazubi mai ɗakuna biyu ko uku yana ruɗin mutane: murfin yana hana zuba waje, amma a yawancinsu miya tana tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki da zarar an karkata. Miya a ƙaramin mazubinta dabam, kada a cika ta fal, a tsayar da ita a gindin jaka a tokare da tawul.

Robar da aka rufe da abinci mai tururi kan kumbura ta ɗaga murfi, in ta huce kuma ta tsotse shi har ya ƙi buɗuwa. Wasu murafan suna da 'yar ƙofar iska don wannan, a tabbata an toshe ta kafin a hau hanya.

Zan iya zuba fura da nono ko kunu a filas?

Kunu mai zafi da aka dama da safe, a sha kafin azahar, babu laifi. Fura da nono, kunun aya da zoɓo kuwa da sanyi suke tafiya: a sanyaya filas ɗin da ruwan ƙanƙara tukuna, a zuba su da sanyinsu. Kunun aya ya fi kowa saurin lalacewa. Abin kiyayewa shi ne duk abin da ke tsami yana fitar da iska, idan aka manta shi a rufe ya kwana biyu murfin na iya ƙin buɗuwa ko ya yi tsalle da ƙarfi. In haka ta faru, a kau da fuska lokacin buɗewa.

Kwano mai lantarki da ake talla yana da amfani?

Yana da shi ga wanda ke da wuta tsayayya ko mota. Yawancinsu wat 40 zuwa 60 ne, ba sa cin wuta, amma suna ɗaukar rabin awa zuwa awa guda kafin abinci ya yi zafi. Abin da ake mantawa shi ne kwanon ɗumamawa yake yi, ba ya sanyaya komai. Daga safe zuwa lokacin da za a jona shi, abincin yana zaune ne kamar a roba, don haka duk abin da aka faɗa kan awanni da shinkafa ya hau kansa. Maganin wannan shi ne jaka mai rufin soso da daskararren ruwan leda ɗaya ko biyu a gefe, zuwa azahar ga ruwan sanyi na sha.

A duba ƙarfin wutar da aka rubuta. Najeriya da Nijar volt 220 zuwa 230 ake amfani da shi, na gwanjo da aka yi don Amurka kuwa 110 ne, jonawa ɗaya zai ƙone. Na ƙaramar mota 12 ne, manyan motoci galibi 24.

Yaya ake fitar da jan manja da warin kifi, kuma yaushe ake yar da mazubi?

A wanke da zarar an dawo, kada ya kwana a jaka. A cire zoben murfi a wanke shi dabam, domin a ƙarƙashinsa ne baƙin datti ke taruwa, kuma yawancin warin daga nan yake. Cokali ɗaya na bekin soda a ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, yana cire wari. Lemon tsami ma yana yi. Jan manja da na tumatir a jikin roba, a wanke a shanya a rana, hasken yana kashe launin. Kada a sa bilic ko soson ƙarfe a cikin silba, suna cin fuskar ƙarfen. Kula mai soso kuma ba a nutsa ta cikin baho, ruwa yana shiga tsakanin bangon ya ƙi fita, daga baya ta riƙa wari ba a san daga ina ba. A ajiye kowane mazubi a buɗe bayan ya bushe.

Robar da ta karce sosai, ta yi fari-fari, ta lanƙwashe ko take danƙo bayan wanki, ta gama aiki, a mai da ita ta ajiyar ƙusoshi ko maɓallai. Kula mai bango biyu da ta faɗi ta lotsa, a sake yi mata gwajin ruwan zafi, in jikinta ya ɗauki zafi ba ta gyaruwa. Idan zoben murfi ne kawai ya saki, a tafi da murfin wurin masu sayar da kuloli a gwada wani, sau da yawa ana samun daidai shi.